Otel a Gamanar Lantana

"Wai ni kam, da gaske ne a ƙasar Nasara sai mutum ya biya kuɗi kafin a bar shi ya kwana a gona?"

Lantana na duƙe bakin rijiya tana jan guga sa'ad da tambayar ta faɗo a bayanta. Ba ita aka yi wa ba. Wata maƙwabciya ce ke tambayar Gwaggo Habi, ƙanwar uban mijinta, wadda ba ɗiban ruwa ke kawo ta rijiya ba, ɗiban labari ne.

"Haka Nomau ya ce," in ji Gwaggo. "Mu nan, in ka ga namiji ya kwana a gona, to ko ɓarayin hatsi yake tsaro, ko matarsa ta rufe masa ƙofa. Can kuwa wai sai mai hali."

Mata suka kece da dariya, sannan suka tuna da mai jan guga, suka waiwayo gaba ɗaya. Lantana ta ja mayafi ta rufe baki, ta ɗauki tulunta da bai cika ba ta nufi gida. Nomau mijinta ne, ko shekara ba su rufa da aure ba, ita kuma ba ta saba magana a gaban manya ba. Saurare ne aikinta. Saurare kuwa a gidan Nomau aiki ne mai cin yini.

Ga inda abin ya samo asali. A shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Yamai, rediyo ba ta da zance sai dimokuraɗiyya, wani gari na Faransa ya ƙulla zumunta da ƙauyukan ƙasar Gidan Rumji, ya ce a aiko masa manoma su ga noman zamani. Dattijon da aka zaɓa daga Gidan Tala, ƙauyen su Lantana a yankin Sae Sabuwa, da ya ji ta sama za a bi, sai ƙafarsa ta kama ciwo. Nomau, da ya yi lakol, wato makarantar boko, har ya iya "wi" da "marsi", ya ɗauki jaka ya tafi a madadinsa. Can aka sauke su a wani otel na alfarma tsakiyar gonar inabi.

Ya dawo da damin sanduna busassu da ya ce na itacen inabi ne, da 'yan sabulai ƙanana kamar ƙuli-ƙuli, da riga. Rigar fara ce sol, mai gashi-gashi kamar bayan ɗan rago, ba maɓalli, sai igiya a ƙugu. Ya ce a bayan ƙofar wurin wanka ya iske ta rataye, ya gane nan take tukuicin mai masauki ce ga baƙo, don haka bai wahalar da mutane da tambaya ba. Da ita ya je sallar Juma'a. Liman ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Nomau, harami ka ɗaura? Ai aikin hajji da saura."

Majalisar Nomau a ƙofar gida take, zana ɗaya ke tsakaninta da madafar Lantana, saboda haka ba kalmar da ke wuce ta.

"Gado," Nomau ke faɗa wa jama'a, "in ka hau, sai an ba ka hannu ka fito. Ka buɗe taga, inabi sahu-sahu har inda ido ya gaji. Shiru kuwa, sai ka ji kunnuwanka na ƙara. Ba mai sallama, ba mai zuwa aron gatari."

Sajo, Bafillacen da ke da ruga bayan gari, kuma abokin wasan Nomau tun suna yara, ya ce, "To, Kaɗo, tsuntsaye suka sa ka kora, ko birai?"

"Hutawa ake yi, Sajo. Kai ba za ka gane ba, gadonka bayan saniya ne."

Liman ya gyara zama. "Shi inabin, mi suke yi da shi?"

"Matsewa suke, Malam, su ɗura a kwalba, su kai ƙarƙashin ƙasa ya shekara da shekaru."

"Ya zama mi?"

"Ya zama abu mai tsada."

"Ka sha?"

"A'uzubillahi! Su kansu ba sha suke yi ba, da idona na gani. Mutum ya ɗaga kofi ya duba a haske, ya juya, ya sunsuna, ya kurɓa, ya kurkure baki, ya tofar a bokitin azurfa. Sannan kowa ya kaɗa kai."

Sajo ya shiga lissafi da yatsu. "Sun noma, sun matse, sun binne, sun tono, sun tofar. Kaɗo, anya mutanen nan lafiyarsu ƙalau?"

"Wayewa ke nan," in ji Nomau. "Kuma ga ni na kawo muku ita har gida. Nawa na halal ne, Malam, kada ka damu."

Da la'asar ya shigo gida yana jan igiyar rigarsa.

"Lanti, albishirinki."

"Goro, Maigida."

"Gamanarki ta yi sa'a. Ita za ta zama gonar inabi ta fari a ƙasar Gobir, da otel a tsakiya."

Gamana ita ce 'yar gonar da miji kan yanka wa matarsa daga gefen gandu, abin da ta noma a ciki nata ne. Ta Lantana na bakin fadama. Da aka ba ta, yashi ce zalla. Ita ta riƙa kai kashin awaki a ka, kwando bayan kwando, har ƙasar ta yi duhu. A damina ɗaya ta ba ta kuɓewa da riɗi da gyaɗa da buhun zoɓorodo. Daga nan take yin miyarta, daga nan take kai gudummawar biki, ba tare da ta buɗe baki ta roƙi kowa ba. Ga mai kunya irin Lantana, gamana ita ce bakinta.

Ta ce, tana kallon ƙasa, "Gandu fa, Maigida? Ya fi faɗi."

"Gandu na gero ne. Kina so mu mutu da yunwa? Aro ne, damina ɗaya. In abu ya kama, ke ce madam."

"In bai kama ba fa?"

"Ke aji uku kika tsaya a lakol. Bar lissafi ga waɗanda suka hau jirgi."

Aka kafa sanduna sahu-sahu, aka ja musu igiyar kaba. Tsakiyar rani ne, don haka Nomau ya raba aiki: shi ya tsaya cikin farar riga yana nuna wadda ke jin ƙishi, Lantana na ɗauko ruwa. Sanduna suka sha ruwa suka yi shiru. Gara ta zo ta duba, ta ga abin ya yi mata, ta tare da iyalinta. Awakin Sajo suka ratsa wata rana, suka sunsuna kowace sanda, suka wuce ba su taɓa ko ɗaya ba.

"Kaɗo," in ji Sajo, "akuyata na cin takarda, tana cin sabulu, ta taɓa cinye min hula. Wannan ta ƙi."

"Ina akuyar Fulani ta san abin alfarma?"

Damina ta faɗi. Kowa ya yi shuka, gonaki suka rufe da kore, gamanar Lantana kaɗai ke tsaye da sanduna kamar maƙabarta. Kuɓewar da ta tsiro da kanta daga irin bara, Nomau ya bi ya tuge, ya ce tana cinye wa inabi abinci. Lantana ta bi bayansa ta tsince ganyen, ta yi miya da shi.

Sai gini. Ya tayar da ɗaki biyu a tsakiyar gamana, ya huda musu taga mai faɗin ƙofa don baƙo ya ga sanduna daga kwance. Ya kwashe gadon ƙarfen Lantana na aure ya kai ɗaya ɗakin, da kwanonin jerenta da farantan da ba a taɓa ci a cikinsu ba. Malamin lakol ya rubuta masa allo da shuni: SHATO NOMAU.

Gwaggo Habi ta zo gani da ido. "Shato mi ke nan?"

"Gidan da ya fi ƙarfin a ce masa gida, Gwaggo."

"Ƙofar ma ba ta rufuwa. Yo wanga ko akurki ya fi shi sirri."

Daga nan ya haƙa rami a bayan ɗakunan, wurin ajiyar abin sha. Ruwan sama ya cika shi, kwaɗi suka zama baƙin farko. Ya kwashe, ya yi masa rufi. Tunda inabi bai shirya ba, ya ce a fara da abin da ke hannu. Ya sa Lantana ta dafa zoɓorodonta duka, buhu guda, ya zazzaga sukari da citta, ya ɗura a manyan biduna, wato jarkokin roba, ya toshe bakinsu da totuwar masara, ya liƙe da danƙo.

"Maigida," in ji Lantana a hankali, "zoɓo ba ya kwana biyu."

"Naki na talla ke nan. Na alfarma, iya daɗewarsa iya darajarsa."

Aka saukar da biduna rami aka rufe.

Da kaka ta yi, jam'iyyu suka fi kajin gari yawa. Kowace safiya mota ta shigo da tuta da lasifika, ta yi alkawarin rijiya da likita, ta fita. Nomau ya tafi Gidan Rumji ranar kasuwa, ya dawo bakinsa har kunne. Ya kamo Alhaji Faruku, wani attajirin Maradi mai neman kujerar depite, wato ɗan majalisar ƙasa. Alhaji zai zo yawon neman ƙuri'a, zai sauka a Shato ya kwana. In wurin ya yi masa, ya ce zai kafa injin ban ruwa, ya kewaye gonar da waya, ta zama masaukin manyan jam'iyya.

Lantana na tankaɗe ta ji an ambaci waya. Hannunta ya tsaya. Abin da aka kewaye da ƙaya, iska na iya buɗewa. Abin da aka kewaye da waya ya tafi ke nan.

Saura matsala ɗaya: gonar inabi ba ganye, ba 'ya'ya. Ana gobe Alhaji zai zo, Nomau ya shigo da kwando biyu na ɗinya da allura da zare.

"Ki shirya min su curi-curi, manya a sama, ƙanana a ƙasa, kamar zangarniya ta juye kai. Haka inabi yake."

"Ai za a gane."

"Wa ya taɓa ganin inabi a garin nan in ba ni ba?"

Ba ta ce masa kowa ya taɓa ganin ɗinya ba. Ta zauna ta shirya su tsaf, don ita ba ta iya aikin ha'inci ba ko da a kan ƙarya ne. Da sassafe suka rataye su a sanduna, Nomau ya bi da rassan dogon yaro yana ɗaurewa. Daga nesa, in mutum ya runtse ido ɗaya kuma yana da kirki, zai ce gona ce. Kafin azahar ganye ya yi laushi ya sunkuya, tsuntsaye suka samu labarin ɗinya.

Alhaji ya iso da mota biyu, da 'yan rakiya, da maroƙi mai kalangu. Nomau ya tare shi cikin farar riga, da ɗan tawul a ninke a hannu, ya shigar da shi ɗaki. Sannan ya ja igiya ya tare hanyar gamana, ya tsaya a bayanta.

Gari kuwa ya riga ya taso. Baƙo ya sauka, dole a gaishe shi. Maigari na gaba, Liman na biye, sai dattawa, sai mata da ƙore a ka, sai samarin wata jam'iyyar da suka zo kallo kawai, in ji su.

"Ranka ya daɗe, a dakata," in ji Nomau. "Alhaji na hutawa. A ƙa'idar otel ba a damun baƙo."

Maigari ya dubi igiyar, ya dubi Nomau. "A garin nan, wanda ba a dama da gaisuwa ba, an riga an yi masa salla. Kuma tun kakanni, baƙo zaurena yake sauka. Mai agana kaɗai ake kaiwa gona."

Alhaji, da ya zo neman jama'a aka kulle shi da sanduna, ya hango taro ta taga, ya fito ta nan ɗin don ta fi ƙofa sauƙi. Ya ɗaga hannu biyu, kalangu ya ɗauka, igiya ta faɗi aka tattake ta. Aka shimfiɗa tabarmi tsakanin sahun sanduna. Alhaji ya yi jawabi. Ya ce wannan gona ita ce ci-gaban da jam'iyyarsa ke faɗa, shi da ya sha zuwa Faransa ya san abin da yake gani. Pari, babban birninsu, kamar Tibirin nan kusa take a wurinsa.

Sajo ya miƙa hannu ya tsinko curi ɗaya, ya jefa a baki, ya zaro zare daga haƙorinsa.

"Kaɗo, inabinka da ɗinya uwarsu ɗaya?"

"Haka yake komawa in ya sha ruwan Gobir."

"Zaren fa?"

"Jijiya ce."

Nomau ya tafa hannu, Lantana ta fito da abinci, mayafi har goshi. Ta yi yadda aka umarce ta ba ƙari ba ragi: kowane babban faranti, loma ɗaya ta tuwo a tsakiya, ɗigon miya a gefe, da ganyen yakuwa ɗaya a kai. Ta ajiye a gaban baƙin da suka yini a mota.

Maroƙi ya leƙa farantinsa ya daɗe. "Maigida, wannan na aljanun gona ne, namu na tafe?"

"A can haka manya ke ci. Tambayi Alhaji."

Ido ya koma kan Alhaji. Ya haɗiye yawu ya ce, "Ƙwarai. Har ma wannan ya ɗan yi yawa." Ya ɗauki lomarsa ya cinye, ya zauna yana kallon faranti.

Gwaggo Habi ba ta iya ganin baƙo da yunwa. Ta ratso taro da ƙwaryar fura, wadda ta dama da hannunta da sunan gidan Maigari, da nonon rugar Sajo, mai na yawo a kai. Furar Gwaggo kuwa har daga Sae Sabuwa ake aiko nema ranar suna. Ta durƙusa za ta miƙa wa Alhaji, Nomau ya tare ƙwaryar.

"Madalla, Gwaggo, kin zo a kan gaɓa. A ƙa'ida da fari ake farawa, sannan ja." Ya tsiyaya furar a ɗan kofin shayi, ya ajiye bokiti a gaban Alhaji. "Jama'a ku matso ku ga yadda ake ɗanɗano a ƙasashen da suka ci gaba. Alhaji ya fi ni sani. A ɗaga a duba. A juya. A sunsuna. A kurɓa, a kurkure. Sai bokiti."

Lantana na tsaye bayan ɗaki, tana ganin fuskar Alhaji sarai. Ta ga maƙogwaronsa na motsi, yana roƙon a bar shi ya haɗiye. Ta ga idonsa ya kewaya kan mutanen da ya gama faɗa wa Pari kamar Tibiri take. Ya ɗaga kofi. Ya juya. Ya sunsuna. Ya kurɓa, kumatunsa suka yi ta kai da kawo. Sannan ya sunkuya, a gaban Maigari da Liman da mai furar, ya tofar da ita a bokiti, ya kaɗa kai.

Kalangu ya yi shiru da kansa.

Gwaggo Habi ta miƙe a hankali, ta gyara ɗaurin zane. "Ɗan nan, ƙuda ka gani a ciki?"

"A'a, Inna, ai..."

"Tsami ta yi?"

"Ta yi daɗi ƙwarai, Inna, wato ƙa'ida..."

"Tun uwarka ba ta yi haƙori ba nake dama fura. Kumandan na zamanin Nasara ya sha, ya lashe ludayi. Mahaukaci ya sha, ya sa min albarka. Yau ga wanda ke neman mu ba shi ƙasa ya riƙe, ya kasa riƙe kurɓi ɗaya a bakinsa."

Nomau ya ga abu na neman lalacewa, ya ce, "Yanzu sai ja!" Ya ruga rami ya rungumo bido ɗaya. Bidon da ya shiga rami da kusurwa huɗu ya fito kamar cikin jaki. Yana wani ɗan kuka ta gefen danƙo.

"Maigida," in ji Lantana. Wannan ne karo na farko da ta buɗe baki a taro, amma ba wanda ya ji.

Nomau ya dafe bidon tsakanin gwiwoyi, ya saita bakinsa wajen babban baƙo don girmamawa, ya murɗa totuwa.

Ƙarar ta kai ruga, shanun Sajo suka watse. Totuwa ta tashi ta ɗauke hular Alhaji. Abin da ya biyo bayanta ja ne, mai kumfa, mai ƙarfin famfo, kuma bai tsaya ba sai da ya gama da farar shaddar Alhaji tun daga wuya har ƙafa, ya juya ya yi wa rigar Nomau rini, ya yayyafa wa sahun gaba na dattawa. Sauran bidunan da ke rami, da suka ji ɗan'uwansu ya samu 'yanci, suka amsa ɗaya bayan ɗaya.

Sai wari ya tashi. Liman ya shaƙa sau ɗaya, ya toshe hanci da gefen rawani.

"Innalillahi. Nomau, wannan ai giya ce."

"Zoɓo ne, Malam! Na halal! Lanti ta dafa!"

"A da zoɓo ne. Yanzu duk wanda ta taɓa ya je ya wanke tufa kafin la'asar."

Samarin da suka zo kallo kawai ba su ɓata lokaci ba. Kafin Alhaji ya gano inda hularsa ta faɗa, sun haɗa waƙa, amshinta mai tofar da fura, mai wanka da giya. Maroƙin Alhaji ya daure iya daurewa, sannan hannunsa ya ci amanarsa, kalangu ya shiga bin waƙar.

Alhaji ya faɗa mota yana ɗiga. Direba ya taka da ƙarfi, ya yi baya maimakon gaba, ya bi ta kan sahu uku na sanduna, ƙafar baya ta zurma ramin ajiya. Gari ya tsaya yana kallo. Maigari ya ce baƙo baƙo ne ko ya tofar da fura, a fitar da shi. Sajo ya kawo bijimai biyu aka ɗaura, aka ja motar har bakin hanya, Alhaji na ciki ya rufe gilashi.

Nomau ya bi su da gudu, jar rigarsa na buɗewa. "Alhaji! Ba ka ga gadon ba! Maganar waya fa?"

Ya dawo yana haki, ya iske taro bai watse ba. Ya gyara igiyar ƙugu ya ce, "Ko a can da ƙara ake buɗewa. Alamar mai kyau ke nan."

A nan tsaye Maigari ya yanke hukunci. A cike rami. A sauke allo. Baƙo kuma, daga yau har tashin duniya, zaure. Gwaggo Habi ta ce saura ɗaya: yarinyar nan an cinye mata damina, an kwashe mata ɗaki, ba ta ce kanzil ba, a mayar mata da gamanarta da gadonta yau, in ba haka ba ita Gwaggo za ta tare a Shato da kanta, kuma a kawo mata abinci cikakken faranti. Nomau ya ce dama aro ne. Kafin magariba gado ya koma ɗaki, sanduna suka koma madafa. Wanda ya taɓa kwana a otel ɗin, tun daga gininsa har ruwa ya rushe shi, ɗan maraƙin Sajo ne, shi ma ɓata ya yi.

Aka yi zaɓe, Alhaji ya samu ƙuri'a ɗaya a Gidan Tala, kowa ya san ta wane ne. Lantana ta koma kai taki a ka. Bazara ta yi, gabas ta fara haɗa gira.

Wata safiya ta zagaya bayan madafa, lungun da randa take, inda namiji ba ya leƙawa. Akwai wata sanda a wurin da ta taɓa zara daga damin Nomau ta tokare zana da ita, ta manta. Ruwan randa na ɗiga a gindinta dare da rana. Ta daɗe da ganin wani ganye mai faɗi ya hau zanar, ta ɗauka wani haki ne. Yau da ta ɗaga ganyen don ta ɗauki moɗa, sai ga curi na lilo: manya a sama, ƙanana a ƙasa, baƙi-baƙi da ɗan fari kamar an shafa musu toka. Ta juya shi ta duba. Ba zare.

Ta tsinki ɗaya ta sa a baki. Ya fashe da sanyi, da zaƙi, da ɗan tsami a ƙarshe. Ta rufe ido. Ashe mutumin bai yi ƙarya duka ba.

Ta bayan zana muryar Nomau ke tashi a majalisa.

"Ƙasar ce ba ta waye ba, Sajo. Wallahi da sanda ɗaya tak ta yi min ganye, da ka ga aiki. Gamanar Lanti, da gandu, da burtalin shanunka, duk sai na kafe su."

Lantana ta dubi curin, ta dubi gabas inda hadari ke taruwa, ta tuna irin kuɓewar da ke ƙulle a bakin zanenta. Ta tsuguna ta cinye inabin ɗaya bayan ɗaya, ba ta tofar da komai ba sai ƙwallaye, su ma ta kai su murhu. Ta ɗauko tsohuwar tabarma ta rataya a kan zanar.

"Lanti!" Nomau ya kira. "Mi kike yi shiru haka?"

"Ruwa nake sha, Maigida."

Ta goge baki da gefen mayafi. Gwaggo Habi za ta ba da akuya don ta ji wannan labari, innarta ma za ta yi dariya har hawaye. Amma magana in ta fita bakin mutum ɗaya, rijiya take kwana, ta wayi gari a majalisa. Lantana ta ƙudura a ranta ba mai ji, ko bana, ko baɗi in ya sake yin 'ya'ya.